Yadda Shaƙuwa Ke Ƙulluwa Tsakanin Jariri da Mai Renonsa

Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, yawancin masana halayyar ɗan Adam sun tafi a kan cewa jariri yana son uwarsa ne saboda ita ce ke cika masa ciki. Duk wanda ya shayar da shi, shi zai manne wa. Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya girgiza wannan magana a ƙarshen shekarun 1950, da 'ya'yan birai. Ya raba su da iyayensu, ya ajiye musu gumaka biyu a keji, ɗaya na wayar ƙarfe tsura da kwalbar madara a jikinsa, ɗaya kuma an lulluɓe shi da tattausan ƙyalle amma babu madara. 'Ya'yan biran sai su je wurin na ƙarfen su sha, su dawo su wuni ƙanƙame da na ƙyallen, kuma idan aka razana su can suke rugawa. Gwaji ne na rashin tausayi wanda da wuya a yarda a maimaita shi a yau, amma ya nuna cewa buƙatar jikin da za a raɓa daban take da yunwa.

A daidai wannan lokaci likitan ƙwaƙwalwa John Bowlby, mutumin Ingila, yana isa ga magana iri ɗaya ta wata hanyar. A 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da yaƙi ya raba da iyayensu da waɗanda suka tashi a gidajen marayu. Abin da ya tsaya a kai daga baya shi ne cewa ana haihuwar jariri da shirin neman kusanci da wani babba guda ko 'yan kaɗan, domin halittar da ba ta iya gudu, ba ta iya kare kanta, tsirarta tana hannun wanda ke kusa. Kuka, murmushi, ƙanƙamewa, bin mutum da ido, daga baya bin sa da rarrafe, duk aikinsu ɗaya: su jawo babba kusa, su hana shi nisa.

Kayan aikin jinjiri sabon haihuwa kaɗan ne, amma an auna su daidai da buƙata. Idonsa ya fi gani a tazarar santimita 20 zuwa 30, wato daga ƙirjin mai shayarwa zuwa fuskarta. Ya fi tsayar da ido a kan abin da ke da siffar fuska. Yana gane muryar uwarsa tun kwanakin farko domin ya saba jin ta tun yana ciki, kuma kafin ya cika mako yana iya bambanta ƙanshin nononta da na wata mace. Idan aka kwantar da shi tsirara a kan ƙirjin uwa da zarar an haife shi, aka rufe bayansa, ɗumin jikinsa da numfashinsa da bugun zuciyarsa sukan fi daidaita, kuma sau da yawa cikin sa'ar farko yakan laluba nono da kansa. A jikin uwar kuma taɓawa da tsotso suna sa a saki sinadarin oksitosin, wanda ke matso nono, yake taimaka wa mahaifa ta tsuke, yake kuma sanya nutsuwa. Wannan haɗa fata da fata shi ne tushen renon da aka fara a Bogota ta Kolombiya a 1978 domin bakwaini, lokacin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi ƙaranci, kuma yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara shi nan take ga jariran da aka haifa kafin lokaci ko masu ƙarancin nauyi.

Sai dai an taɓa zuzuta sa'ar farkon nan fiye da kima. A shekarun 1970 an yaɗa cewa idan uwa ba ta rungumi ɗanta a sa'o'in farko ba, an yi asarar da ba ta gyaruwa. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da haka ba. Matar da aka yi wa tiyata, ko wadda aka wuce da jaririnta ɗakin kulawa ta musamman na makonni, ko wadda ta karɓi riƙon ɗan wata uku, duk suna ƙulla shaƙuwa mai ƙarfi. Haka kuma mata da yawa ba sa jin wata ƙauna ta kwararo musu ranar haihuwa, gajiya da ciwo kawai suke ji, son yana zuwa a hankali cikin kwanaki ko makonni. Wannan ba alamar matsala ba ce.

Inda ake ƙulla abin da gaske shi ne a ƙananan mu'amalolin da ake maimaitawa dare da rana. Daga mako 6 zuwa 8 jariri yakan fara murmushi don ya ga fuska, daga nan kuma hira ta buɗe. Ga yadda take a kusa: ɗan wata uku yana kwance a cinya, ya kafe mai renonsa da ido, ya ɗaga gira, ya saki wani ɗan sauti. Ita kuma ta zaro ido, ta ja murya sama, ta maimaita sautin, sannan ta yi shiru. Shirun nan shi ne wurin da mutane suka fi kuskurewa. Jariri yana buƙatar daƙiƙu kafin ya haɗa amsa, kuma idan babba ya cika wurin da surutu da kaɗa abin wasa, bai bar masa gurbin da zai saka nasa ba. Idan aka jira, sai a ga ya wuntsila ƙafa, ya buɗe baki, ya mayar. Bayan zagaye uku ko huɗu zai kau da kai gefe. Ba ƙi ba ne, hutu yake nema, domin kallon fuska yana ɗaga masa bugun zuciya, kau da kai kuma yana saukar da shi. Mai reno da ta gane haka takan dakata har ya juyo da kansa. Wadda ba ta gane ba takan bi fuskarsa, ta juyo da kansa, ta ƙara murya, shi kuma ya bi matakan da ya iya: hamma, banƙarewa, ture hannu, jan fuska, a ƙarshe kuka.

Masanin halayyar yara Edward Tronick da abokan aikinsa sun nuna nauyin wannan hira a shekarun 1970 da wani gwaji mai sauƙi. Uwa tana wasa da jaririnta fuska da fuska, sai a ce ta daskare fuskarta na kamar minti biyu, tana kallonsa amma babu murmushi, babu amsa. Nan take jaririn yake lura. Zai yi murmushi don ya jawo ta, ya yi ƙara, ya miƙa hannu. Idan abin ya ƙi, sai ya kau da kai, jikinsa ya saki, ya tsotsi hannu ko ya fashe da kuka. Da ta dawo da fuskarta yakan ɗan ɗauki lokaci yana haɗa fushi da murna kafin su daidaita.

Abin da aka fi mantawa daga aikin Tronick shi ne wani sakamakon, kuma a ganina ya fi gwajin kansa amfani ga iyaye. Da aka bi hotunan bidiyo na iyaye da jarirai masu lafiya daƙiƙa bayan daƙiƙa, an ga cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin ne kawai suke tafiya daidai da juna. Sauran lokacin saɓani ne da gyara: ta ɗauka yunwa ce alhali barci ne, ya juyo lokacin da ta kalli wani wuri, ta yi dariya da ƙarfi ya firgita, sannan a lallaɓa a dawo kan hanya. A wannan gyaran ne jariri yake koyon cewa damuwa tana da ƙarshe, kuma shi ma yana da hannu wajen kawo ƙarshenta. Saboda haka mizanin da ake nema a wurin mai reno matakai uku ne: ta lura da alama, ta fassara ta kusa da daidai, ta amsa cikin lokaci. Idan fassarar ta kuskure, ta sake gwadawa.

Kuka shi ne alamar ƙarshe, ba ta farko ba. Jariri mai jin yunwa yakan fara da motsa baki, lasar leɓe, juya kai yana neman nono, kai hannu baki. Idan aka ba shi a nan, yakan kama da kyau. Idan aka bari sai ya ɓarke da kuka, harshensa yana ɗagewa sama, kamun ya yi wuya, ya haɗiyi iska, ga kumburin ciki da tumbuɗi, dole sai an rarrashe shi kafin ya iya sha. Yawan kuka kuma yana da nasa lokaci: yana hawa daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, galibi da yamma, ya sauka a wata na uku zuwa na huɗu. Likitoci suna kiran sa mai yawa idan ya wuce sa'a uku a rana, kwana uku a mako, kuma ko a nan yawancin jariran lafiyarsu ƙalau. Wani kukan ba ya jin rarrashi ko an duba ƙunzugu, an ba da nono, an sa ya yi gyatsa. Riƙe shi a hakan ma amsa ce. Amma idan mai reno ta ji ranta ya fara ɓaci, ta kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, ta fita ta sha iska na minti biyar ko goma, ko ta miƙa wa wani. Kada a taɓa girgiza jariri da ƙarfi: kansa yana da nauyi, wuyansa ba ƙwari, 'yan daƙiƙu sun isa su tsinka jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, su jawo makanta, naƙasa ko mutuwa. Kukan da ya zo da zazzaɓi a jaririn da bai kai wata uku ba, ko ƙin shan nono, ko kasala, na asibiti ne ba na rarrashi ba.

Ana yawan cewa ɗaukar jariri da zarar ya yi kuka yana sangarta shi. A watannin farko wannan magana ba ta da madogara. Ɗan wata biyu ba shi da dabarar juya mutane, kuma ba ya iya kwantar da hankalinsa shi kaɗai, da jikin babba yake saukar da nasa: ɗumi, jijjigawa a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Masu binciken halayyar yara Silvia Bell da Mary Ainsworth sun ruwaito a 1972 cewa jariran da aka fi saurin amsa kukansu a farkon shekara sun fi ƙarancin kuka a ƙarshenta, sun koma amfani da ishara da sauti. An yi ta muhawara kan ƙarfin wannan sakamako, amma babu wanda ya nuna cewa amsa kukan ƙaramin jariri yana lalata shi.

A watanni biyu ko uku na farko kusan kowa zai iya ɗaukarsa ya yi shiru. Daga nan zuwa wata shida yana fara fifita waɗanda ya sani, ya fi yi musu murmushi da gwaranci. Tsakanin wata 6 da 9 sai ƙiwa ta shigo, kuma a nan ne dangi kan ce yaro ya lalace. Alhali ci gaba ne. Ƙwaƙwalwarsa ta kai inda yake riƙe hoton mutum ko ba ya ganinsa, ya san uwarsa tana wani wuri, kuma rarrafe ya ba shi ikon yin nisa, don haka tsoron baƙo da tsoron rabuwa suke zame masa linzami. Kukan rabuwa yakan fi tsanani tsakanin wata 10 da 18, sannan ya ragu yayin da magana ke zuwa. Wajen shekara ɗaya yana karanta fuskar mai renonsa kafin ya yanke shawara. A wani gwaji na 1985 an ɗora 'yan wata 12 a kan teburin gilashi mai kama da rami a tsakiya, uwa tana ɗaya gefen. Da iyayen suka nuna fuskar tsoro babu wanda ya haye, da suka yi fara'a yawancinsu suka rarrafa suka wuce.

Mary Ainsworth ce ta samo hanyar auna ingancin wannan shaƙuwa. Ta fara da zama a gidajen iyalai 26 a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda a 1954 da 1955, tana kallon yadda jarirai ke barin jikin uwa su yi wasa, su waiwayo, su dawo su taɓa ta, su sake fita. Daga baya a Baltimore ta Amurka ta tsara gwajin kamar minti 20 ga yara 'yan wata 12 zuwa 18. Ana shigar da uwa da ɗa baƙon ɗaki mai kayan wasa, wata baƙuwa ta shigo, uwa ta fita ta dawo, ta sake fita ta dawo, kowane mataki kamar minti uku, ana gajarta shi idan kuka ya yi yawa. Abin da ake dubawa ba yawan kukan da yaro ya yi da aka fita ba ne, domin wannan ya danganta da halinsa da sabonsa. Ana duba abin da ya yi da aka dawo.

Yaron da ya aminta da mai renonsa yakan nufe ta, ya ɗaga hannu, a ɗauke shi, ya lafa a jikinta, cikin minti ɗaya ko biyu ya sauka ya koma wasa. Wani kuma ko kallonta ba ya yi, yana ta juya abin wasa kamar bai damu ba. Irin wannan ake yaba wa da cewa ba shi da rigima, amma da aka auna bugun zuciyar irinsu an ga yana hawa kamar na sauran. Ya koyi cewa nuna buƙata yana jawo a ture shi, sai ya haɗiye. Na uku yakan ruga wurinta yana kuka, a ɗauke shi ya banƙare yana dukanta, a sauke shi ya ƙara ƙara, ya kasa komawa wasa. Wannan galibi yana tasowa ne inda amsa ba ta da tabbas, yau a ɗauka da wuri, gobe a share, sai yaron ya riƙa ƙara murya don kada a manta da shi. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara rukuni na huɗu: yaron da ya nufo uwa sai ya daskare a tsakiyar ɗaki, ko ya matso da baya, ko ya faɗi ƙasa ya rufe fuska. Wannan yana faruwa idan wanda ya kamata a gudu wurinsa shi ne kuma abin tsoro, ko shi kansa a firgice yake, kamar mai fama da duka a gida ko rashin da bai warke daga gare shi ba.

Wani nazari na 1988 da ya tattara gwaje-gwaje 32 daga ƙasashe 8, yara kusan 2,000, ya sami kamar kashi 65 cikin ɗari a rukunin farko, wato yaran da suka aminta da mai renonsu, kuma bambancin da ke cikin ƙasa ɗaya ya fi wanda ke tsakanin ƙasashe. Ya kamata a riƙe waɗannan rukunai da hannu mai sauƙi. Ba cuta ba ne, ba kuma tambarin da yaro zai ɗauka har kabari ba. Suna bayyana dangantaka ce tsakanin mutum biyu, shi ya sa yaro ɗaya zai iya amincewa da ubansa ya kasa da uwarsa, ko akasin haka. Suna sauyawa idan yanayin gida ya sauya. Kulawar mai reno tana da tasiri tabbatacce amma matsakaici, halin da aka haifi yaro da shi, talauci, rashin lafiya da zaman lafiyar gida duk suna da rabonsu. Kuma gwajin na waɗanda suka sami horo ne a ɗakin bincike, ba abin da za a yi wa yaro a gida a yanke masa hukunci ba.

Jariri ba mutum ɗaya kawai yake shaƙuwa da shi ba. Rudolph Schaffer da Peggy Emerson sun bi jarirai 60 a Glasgow, suka wallafa a 1964 cewa zuwa wata 18 yawancinsu suna da mutum fiye da ɗaya da suke kukan rabuwa da shi, uba, kaka, yaya, kuma sau da yawa wanda suka fi manne wa ba shi ne mai ciyar da su ba, shi ne wanda ya fi amsa musu da yi musu wasa. Abin da ke cutarwa shi ne yawan sauyin hannu ba tare da kowa ya tsaya ba. An ga iyakar hakan a gidajen marayun Romaniya bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989, inda ma'aikaciya ɗaya ke kula da jarirai da yawa, ana ba su abinci da wanka a kan lokaci amma babu mai amsa musu. Ɗakunan shiru suke, domin yaran sun daina kuka. A binciken da aka fara a Bukarest a farkon shekarun 2000 da yara 136, an mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Da suka kai wata 42, kusan rabin waɗanda aka ba riƙo sun ƙulla amintacciyar shaƙuwa, a cikin waɗanda aka bari kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa.

A gidajen yau da kullum abin da ya fi yawan katse hirar nan shi ne halin da mai renon take ciki. Ƙuncin kwanakin farko bayan haihuwa, kuka ba dalili da saurin fushi, yakan zo a rana ta uku zuwa ta biyar ya wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, da rashin jin daɗin komai, rashin barci ko jariri yana barci, jin cewa ba ta iya ba ko tunanin cutar da kai, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, wanda ke kama fiye da mace ɗaya cikin goma, yana kama maza ma, kuma yana da magani. Fuskar mai wannan ciwo takan yi kama da daskararriyar fuskar gwajin Tronick ba da sonta ba. Kafin ta warke, kasancewar wani babba mai amsa wa jaririn yana rage illar sosai. Wayar hannu ma tana yin irin wannan aiki a taƙaice: ido a kan allo, fuska ba motsi, jariri yana ta aiko da alama babu mai karɓa. Duba waya jefi-jefi ba ya rushe komai, amma lokacin shayarwa, wanka da sauya ƙunzugu su ne lokutan da fuska ke kusa da fuska, sun cancanci a ajiye ta.

Idan aiki ko karatu ya sa dole a bar yaro a hannun wani, yadda aka yi rabuwar yana da tasiri. A fara da zama tare, uwa da sabuwar mai reno da yaron, na kwana biyu ko uku, ya ga suna hira cikin fara'a, domin daga fuskar uwarsa yake karanta ko baƙuwar abin yarda ce. Sannan a fita na minti 15, gobe sa'a ɗaya, a riƙa ƙarawa. A bar masa wani ƙyalle ko abin wasa mai ƙanshin gida. A yi sallama gajeriya da kalmomi iri ɗaya kullum, a tafi ba tare da dawowa sau uku daga bakin ƙofa ba. Sulalewa a ɓoye lokacin da hankalinsa ke kan wasa yana hana kukan minti biyar na ranar, amma yana koya masa cewa mutum na iya ɓacewa kowane lokaci, sai ya daina sakin zane ko a gida. Da aka dawo kuma, yana iya fashewa da kuka ko da ya wuni lafiya, ko ya share mutum na ɗan lokaci. A tsuguna daidai tsayinsa, a buɗe hannu, a ba shi minti goma na farko kafin a shiga tambayar me ya ci da sau nawa ya yi barci.